Littafi Biyu A Mota Guda

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kabuga, ta bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo, ta ratsa Gwarzo ta nufi Dayi da Malumfashi, ya san irin manyan motocin da ke bin ta dare da rana, balle da kaka, sa'ad da a ke jigilar masara da dawa zuwa kasuwar Dawanau. Nauyin kayan an san shi, kuɗin lodi ma an san su. Abin da ba mai iya faɗi shi ne awa nawa direban ya yi bai runtsa ba. Ga shi kuwa makarantu da kasuwanni duk a bakin titin nan su ke.

Maganin da wasu ƙasashe su ka yi wa wannan shi ne littafin aiki, watau inda direba zai rubuta lokacin da ya tashi, da inda ya tsaya, da tsawon hutunsa. A Amurka doka ba ta yarda mai ɗaukar kaya ya wuce awa 11 yana tuƙi ba, sai ya huta awa 10 a jere. Shekara da shekaru a takarda a ke rubutawa, har direbobin da kansu su ka riƙa kiran littafin na ban dariya, domin wani yakan ajiye biyu, ɗaya na nuna wa ma'aikacin hanya, ɗaya na lissafi da mai mota. Saboda haka daga 18 ga Disamba 2017 aka tilasta wa yawancinsu na'urar da ke haɗe da injin, tana rubuta awoyin da kanta. Ƙasashen Turai sun riga su, tun 2006 sababbin manyan motocinsu ke fitowa da irin wannan na'ura.

To, sai tambaya ta taso: ya halatta direba ya riƙe takarda da na'ura gaba ɗaya? Amsar da dokar Amurka ta bayar abin dubawa ce. Ba ta kori takarda ba, har ma ta wajabta wa direba ya ajiye fararen takardun da za su ishe shi kwana 8 a cikin mota. In na'ura ta lalace, ya sanar da mai motar cikin awa 24, ya koma rubutu da hannu, shi kuwa mai motar ya gyara cikin kwana 8. Laifin da a ke kamawa shi ne rubuta ƙarya, watau rana guda ta zama da labari biyu.

Akawunan da ke karanta wannan jarida ba su bukatar dogon bayani. Tun zamanin Baitulmalin En'e an san ajiye kwafin rasit ba laifi ba ne. Amma ma'ajin da aka samu da littafi biyu na kuɗi guda, jimlarsu ta sha bamban, ba a tambayarsa wanne ne na gaskiya, gaban alƙali ya ke zuwa.

Mu nan gida mun fara taka wannan hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta wa motocin haya na'urar ƙayyade gudu a Fabrairun 2017, manyan kamfanoni kuma suna liƙa wa tirelolinsu na'urar bin sawu. Sai dai ta farko gudu kaɗai ta ke tsarewa, ta biyu kuwa dukiyar mai mota ta ke gadi. Barcin direba ba ya cikin lissafinsu.

Ra'ayinmu shi ne kada a yi gaggawar raba direba da takarda. Motar da na'urarta ta mutu tsakanin Gwarzo da Dayi da tsakar dare, ina za ta sami mai gyara? Galibin motocin da ke ɗaukar hatsi tsofaffi ne, ko Amurka ma ta ɗauke wa masu injin da aka ƙera kafin 2000. In aka ce lalle sai na'ura kaɗai, ƙaramin mai mota za a kashe wa sana'a, ko kuwa a buɗe sabuwar ƙofar cin hanci. Amma in aka bar biyun ba ƙa'ida, mai son zuciya zai nuna wadda ta fi masa daɗi.

Saboda haka muna roƙon hukuma ta rubuta a fili, da Hausar da direba zai fahimta, wanne ne littafin doka a kowace sa'a, da iyakar kwanakin da za a yi a kan takarda in na'ura ta ɓaci. Kuma kada hukunci ya tsaya kan direba. Sau da yawa mai motar ne ke cewa lalle kaya su kwana Kano, saboda haka shi ma ya sa hannu a littafin, ya ɗauki rabonsa in an sami ƙarya. Shugabannin direbobi na tashoshin Gwarzo da Kabo su ne su ka san wanda ya iso da asuba zai kuma juya da hantsi, ya kamata a zauna da su tun kafin a buga dokar.