Awon ciki a wata na huɗu ya makara wa yaran Gaya

Idan aka haifi jariri da tsagaggen leɓe ko ƙullutu a gadon baya, a Gaya ko a Kamba ko a Malanville, kafin ranar suna an riga an yanke hukunci. Wasu su ce uwar ta fita lokacin husufin wata, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ce ta taɓa yi wa nakasasshe dariya. Duk inda aka juya, kan uwar laifin ke faɗawa. Alhali masana sun fi shekara 150 suna bin diddigin abin da ke faruwa, kuma abin da suka gano bai haɗa hanya da husufi ba.

Ɗan tayi ba a zaune yake ginuwa ba, ƙwayoyin halittarsa ƙaura suke yi. A mako na uku bayan shigar ciki, wani shimfiɗaɗɗen sashe a bayansa yakan naɗe ya zama bututu, wanda daga gare shi ƙwaƙwalwa da laka za su fito. Bututun yakan gama rufewa zuwa kwana na 28. Daga bakinsa wasu ƙwayoyi kan ɓalle su kama hanya: wasu su gina ƙashin fuska da muƙamuƙi, wasu su ba fata launi, wasu su bi hanji har ƙarshensa su zama jijiyoyinsa. Wilhelm His ne ya fara bayyana su a 1868. Daga 1969, Nicole Le Douarin a Faransa ta riƙa dasa ƙwayoyin salwa cikin ɗan tayin kaza, ta bi sawunsu ta ga inda kowace ta yada zango. A 2018 kuma ɗakin binciken Roberto Mayor a Landan ya nuna a jikin ɗan tayin kwaɗo cewa ba sa tashi sai naman da za su taka ya yi tauri, kamar yadda mai amalanke ke jiran laka ta bushe.

Idan bututun bai rufe ba, shi ne ƙullutun baya da kan zo da shanyewar ƙafafu. Idan sassan fuska ba su haɗe ba tsakanin mako na huɗu da na bakwai, leɓe ya tsage. Kusan jariri 1 cikin 700 a duniya na zuwa da tsagewar leɓe ko ta ganda. Idan ayarin da ya nufi hanji ya tsaya a hanya, jariri ya kasa bahaya, cutar da likitoci ke kira Hirschsprung.

To, a lura da lokacin. Kwana 28. Mace da yawa ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Ga kunyar cikin fari, ga ɓoye ciki don gudun baki, sai ya turo riga sannan a nufi likita. A wurin awo ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin folik asid. Tana da amfani ga jinin uwa, amma ga bututun nan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a Ingila a 1991 ya nuna cewa shan folik asid tun kafin ciki ya rage maimaituwar matsalar bututun da kusan kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin wannan jariri. Amurka ta wajabta zuba shi cikin garin hatsi daga 1998, Nijeriya ma tana da dokar ƙara shi a fulawa. Sai dai tukunyar ƙauyukan Dandi ba fulawa take ci ba. Gero ne da dawa da masara, daga rumbu zuwa turmi ko injin niƙa na unguwa, babu kamfanin da ya taɓa su. Zogale da wake da gyaɗa na taimakawa, amma doguwar dahuwa na cinye kaso mai yawa. Ga tsagewar leɓe kuwa hujjar folik asid ba ta kai ƙarfin haka ba, gado da wasu dalilai na da hannu, maganinta aikin tiyata ne, irin wanda asibitin yara na CURE a Yamai ke yi tun 2010. Daga Gaya kusan kilomita 300 ne, kuɗin mota kaɗai na iya hana uwa zuwa.

Ra'ayina shi ne a daina jiran ranar awo, a koma ranar baiko. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. A teburin da ake duba jinin amarya ya kamata a miƙa mata ƙwayar, maikirogiram 400 a kullum, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, har zuwa mako na 12 na ciki. Hukumomin lafiya na Dosso ba sa bukatar sabuwar doka kafin su fara: ungozomai da limaman ɗaurin aure sun fi kowa sanin wadda za ta tare a wannan watan. Wadda ta taɓa haifar jariri mai ƙullutun baya ita kuma ta ga likita tun kafin wani cikin, domin nata adadin ya fi haka yawa.

Ku kuma 'yan uwa da ke Kwatano, Legas ko Turai kuna turo kuɗin lefe, gwangwanin ƙwayar nan na wata shida bai kai kuɗin turmin atamfa ɗaya ba. Ku sa shi cikin lissafin akwati, ku kira ƙanwar ku gaya mata ta fara sha tun kafin ranar tarewa.