Bayan rawar Kosso, sai katin zaɓe

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne na Kpangalam da sauran unguwannin Sokode, da ku na Dapaong da Sinkase da wannan takarda za ta iske a bakin iyaka.

Kowace shekara Sokode takan cika da baƙi saboda bikin Gadao-Adossa. Ranar Gadao ana godiya a kan amfanin gona. Ranar Adossa maza su fito da wuƙaƙe su nuna jarumtaka irin ta mayaƙan Semassi. Ranar ƙarshe kuwa, Kosso, ta mata ce. Ke da kika taɓa zuwa filin kin san yadda ake yi: kowace ƙungiya da ankonta, kiɗa na tashi, guɗa na amsawa. Bikin Kotokoli ne, amma ba a korar Bahaushiyar zango ko Bafillatana. Haka nan ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ana ɗinka zane iri ɗaya, manya su hau mumbari su yabi mace.

Ba mu da ja da biki, gadonmu ne, kuma kin cancanci yabon. Tambayarmu ɗaya ce: washegari fa?

Washegari da asuba, wadda ta yi rawa jiya ita ce a layin famfo da bokiti. Ita ce ke biyan tikitin kasuwa tun ba ta yi cinikin fari ba. 'Yarta ce ke barin lakwal ta tafi aikatau Najeriya ko Gabon, don gida ba ya iya riƙe ta. A arewa abin ya fi haka nauyi. Tun watan Yuni na 2022 jihar Savanes take ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, matan da suka gudo daga ƙauyukan Kpendjal sun bar gonakinsu, suna raɓe a gidajen dangi da 'ya'ya a goye. Wa ya zauna ya ji ta bakinsu?

Masu mulki za su ce miki sun ɗaukaka mata. Za su ambaci Yawa Djigbodi Tségan da ta shugabanci majalisar dokoki a 2019, da Victoire Tomégah-Dogbé da ta zama firaminista a 2020. Gaskiya ne, ba mu musu. To amma a 2024 an sauya tsarin mulkin ƙasa a cikin zauren majalisa, ba a kira ki ƙuri'ar raba gardama ba. Yanzu ba ke ce ke zaɓen mai riƙe da ragamar ƙasa kai tsaye ba, majalisa ce ke naɗa shi, kuma a zaɓen 29 ga Afrilu 2024 jam'iyyar UNIR ta kwashe kujeru 108 cikin 113. Gida ɗaya ke mulki tun 1967. An ba mata biyu manyan kujeru, an rage wa ƙuri'ar sauran matan ƙasa nauyi. Wannan ba shi ne daidaito ba.

Matan Togo kuwa ba a san su da yin shiru ba. A watan Janairu na 1933 matan kasuwar Lome ne suka fito a kan harajin Turawan Faransa, suka yi tsaye har aka saki mutum biyu da aka kama. A 2010 Brigitte Adjamagbo-Johnson ta zama mace ta farko da ta nemi shugabancin ƙasar nan. A Janairun 2018 mata suka cika titunan Lome da baƙaƙen kaya suna neman sauyi. Yarensu ba ɗaya ba ne, addininsu ba ɗaya ba ne, amma kukansu ɗaya. Tikitin kasuwa bai san Kotokoli ko Moba ko Bahaushiya ba, kowa yake ci.

Ga abin da 'yan takararmu suka ɗauka a wuyansu, ki riƙe su da shi. A riƙa bayyana wa 'yan kasuwa nawa aka tara na tikiti da abin da aka yi da shi. A kai ruwa unguwannin da har yau mata ke sammakon nemansa. Dokar filaye ta 2018 ta ba mace haƙƙin mallakar ƙasa daidai da namiji, sai a fito da ita daga takarda, kada gwauruwa ta rasa gonar da ta yi shekaru tana nomawa. Matan da rikici ya raba da gidajensu kuma a zauna da su kafin a yanke abin da ya shafe su.

Naki aikin ba shi da yawa. Ki nemo katin zaɓenki tun yau, ki je ki duba ko sunanki na cikin jeri. Idan kina tafiya fatauci ƙetare, ki tsara dawowarki kafin ranar. Masu rabon zane da shinkafa za su zo, amma a bayan labule babu mai ganin inda kika dangwala yatsa sai Allah. Zane yakan koɗe kafin wani Kosso ya zagayo, wanda kika zaɓa kuwa yana nan shekaru a kan kujera.

Kai kuma Malam, kai Alhaji, da kake karanta wa iyali wannan takarda, kada ka tsallake layi ko ɗaya. Ka bar uwargida da amarya da 'yan mata su fita, ka raka su in da hali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu haɗu a filin Kosso mu yi guɗa, sannan mu haɗu a rumfar zaɓe. Allah ya kai mu lafiya, ya zaunar da Togo lafiya.