Sayen tufa ta waya: siffar da aka faɗa ita ce hujja

Da zarar azumi ya raba tsakiya, hotunan shadda da leshi da abaya sukan cika wayoyin jama'a ta WhatsApp da Facebook. Ma'aikaci na zaune cikin buro a Tawa, ko uwargida na ƙuryar ɗakinta a Damagaram, sai su ga tufa a hoto, su yi ciniki da mutumin da ba su taɓa gani ba a Yamai ko Kano ko Dubai, su aika kuɗi, su zauna jiran saƙo a tashar mota. Sau da yawa ana wanyewa lafiya. Amma akwai ranar da za a kwance ƙunshi a tarar shaddar da aka ce Getzner ce ta koma wata mai sheƙin banza, ko abayar da aka gani baƙa ƙirin ta zo a koɗe, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. In aka buga waya, amsar guda ce: kayan da suka fita ba su dawowa. Ga mai albashin wata wanda ya zuba jika 40 ko 50 cikin ɗinkin salla, wannan asara ce da iyali duka za su ji a tukunya.

To shin maganar mai kaya ta zauna? Kafin a amsa, sai a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Na farko, tufar ta zo yadda aka siffanta ta, sai dai ba ta kwanta wa mai saye a rai ba. Na biyu, tufar ta saɓa wa siffar da aka faɗa, ko ta zo da aibin da aka ɓoye.

A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta shekarar 2011 ta ba mai saye daga nesa dama ko da a hali na farko. Faransa ta shigar da ita cikin dokokinta a 2014, ta tsawaita wa'adin janyewa daga kwana 7 zuwa kwana 14, ana ƙirgawa daga ranar da kaya suka iso hannu. Mai saye ba ya bukatar ya faɗi dalili. Mai sayarwa kuma dole ya maido kuɗin cikin kwana 14, har da kuɗin aikowa na yau da kullum, amma kuɗin mayarwa na wuyan mai saye in an sanar da shi tun farko. Dokar ba ta shafi tufar da aka ɗinka bisa awon mutum ba, haka nan ba ta shafi ciniki tsakanin mutum da mutum ba in mai sayarwar ba sana'arsa ba ce. Wannan doka ta can ce, ba ta hau kan mai shago a Maraɗi ba, kuma ko wanda ya yi odar riga daga Faransa zai iya tarar da kuɗin mayarwa ya kusa cinye kuɗin rigar.

A nan Nijar akwai doka ta ranar 11 ga Mayu 2015 wadda ta shimfiɗa tushen kare masu saye. Ban da ita, ƴan kasuwar ƙasar nan na da wata ma'auna da suka gada tun kafin a san waya. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekarar 795, ya yi magana cikin Muwaɗɗa kan sayar da dilar tufafi ba tare da an kwance ta ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffa. Sharaɗin a fili yake: in kaya suka dace da siffa, ciniki ya ɗauru, mai saye ba ya da ta cewa, in suka saɓa, zaɓi na hannunsa, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Malamai ma sun hana a shardanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso idan wurinsu na da nisa. Hoton waya da saƙon murya su ne takardar dila ta wannan zamani. Saboda haka mai kayan da ya ce Getzner ce, ta zo ba ita ba, ba ya da mafaka cikin cewa kaya ba su dawowa.

Hakki kuwa sai da shaida. Mai saye ya tambayi sunan yadi, tsawonsa, launinsa da awon riga, ya nemi amsar a rubuce ko cikin saƙon murya, ya adana tare da hoton da takardar aika kuɗi. Ya tambaya tun kafin ya biya: in kaya ba su yi ba, kwana nawa gare shi, kuma wa zai biya kuɗin mota? Shari'a ta yarda a ƙulla ciniki bisa zaɓi na ɗan gajeren lokaci, amma sai an faɗa lokacin ciniki. In da hali, ya ba da rabi, sauran sai kaya sun iso. Ranar da saƙo ya zo ya kwance shi gaban shaida, ya ɗauki hoto, ya yi magana a ranar. Kada ya wanke, kada ya sa, kada ya kai wa tela, don da zarar almakashi ya shiga yadi maganar mayarwa ta yi wuya, galibi sai dai a nemi ragi. In mai kaya ya ƙi saurare, akwai shugabannin ƴan kasuwa, akwai ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha, akwai gidan shari'a.

Su ma masu saye suna da nasu laifi. Wadda ta sa abaya ta je biki sannan ta ce a karɓa, ko wanda ya aika awon da ba nasa ba, bai kamata ya ɗora wa mai kaya asara ba. Irin waɗannan ne ke sa ɗan kasuwa na kirki ya rufe ƙofar mayarwa ga kowa.

Amma babban nauyi na kan mai sayarwa, domin shi ya ga kaya, shi ya taɓa su. Alhazan da suka gina kasuwar Maraɗi sun yi ta aika dila zuwa garuruwa masu nisa bisa kalmar baki, saboda an san in abu ya saɓa za su karɓa. Matashin da ke talla ta waya a yau zai ci riba mai ɗorewa in ya ɗauki hoto cikin hasken rana, ya kira kwaikwayo da sunansa, ya rubuta ƙa'idar mayarwa ƙarƙashin kowane hoto. Wanda ya ƙi, ya tuna cewa wayar da ta kawo masa mai saye ita za ta kai labarinsa gidaje ɗari kafin sallar ta wuce.