Tarin doki ba na ƙurar hunturu ba ne kawai

A Birnin Kudu da Gwaram, dokin da zai bi hakimi hawan Sallah a Dutse yana shan kulawa: ga harawa, ga dusa da kanwa. Amma in ya fara tari, sai mai shi ya ce hunturu ne, zai wuce. Sau da yawa kuwa fuka ce ta kama huhunsa, kuma asalinta na cikin abincinsa. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka ɗaure da ɗanyenta, ko ruwan ƙarshen damina ya doke ta, takan yi funfuna. Doki ya tura hanci ciki, ya shaƙi ƙurar kullum.

Alamun a fili suke. Lafiyayyen doki a turke kan ja numfashi sau 8 zuwa 16 a minti. Mai fuka yakan zarce haka, hancinsa a buɗe, cikinsa na matsewa don fitar da iska, har wani layi ya fito a kwiɓinsa. Yawanci babu zazzaɓi, abin da ke ruɗar masu saya masa allurar kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa, kuɗi a banza.

Likitan dabbobi ne zai saurari ƙirjinsa ya tantance, in ta yi tsanani a kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Masu dawaki, ku jiƙa harawa kafin ku zuba, ku ɗaure doki inda iska ke ratsawa, ku kira likita tun tarin bai daɗe ba.