Kafin A Sayi Makirufo, A Fara Tambayar Kwamfuta

Ra'ayina shi ne duk wanda kwamfutarsa ke aiki da Linux kada ya sayi makirufo ko katin sauti don kyawun kwalinsa ko don tsadarsa. Ya fara bincikawa ko kwamfutar za ta gane shi. Idan ba ta gane shi ba, kuɗin uba sun tafi ke nan, don mai shago ba ya son karɓar kayan da aka riga aka ɓare.

Maganar ta shafe mu ƙwarai. A watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba, ga shi kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Irinsu ne kuwa a ɗakin kwamfuta na makarantarmu da gidajenmu. Shi Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kyauta ne, kuma akwai nau'o'insa marasa nauyi da tsohuwar kwamfuta ke ɗauka. Da shi da manhajar Audacity, 'yan ƙungiyar muhawara za su iya ɗaukar muryarsu, masu shirin musabaƙa kuma su saurari karatunsu su gyara.

To, ina gizo ke saƙa? Kowace na'ura tana bukatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke zama tafinta tsakaninta da kwamfuta. Kamfanoni da yawa Windows da Mac kaɗai suke rubuta wa direba. A Linux kuwa direbobin sauti suna zuwa ne a cikinsa, a wani sashe mai suna ALSA, wanda ya zama babban tsarin sautinsa tun 2003. Saboda haka idan direban na ciki, da ka soka na'urar sai ta kama aiki, ba ka sauke kome ba. Idan babu, sai ka zauna jiran ranar da wani ɗan sa-kai zai rubuta shi.

Maganin abin ba wuya. Tun 1998 aka shimfiɗa ƙa'ida ɗaya ta yadda na'urorin sauti za su yi magana da kwamfuta ta kafar USB. Na'urar da ta bi wannan ƙa'ida ba ta bukatar direba na musamman. A duba kwali ko takardar ciki a nemi kalmomin "class compliant". In ba a gan su ba, a duba ko an ce tana aiki da iPad ba tare da sauke kome ba, don wannan ma alama ce mai kyau. Alal misali Scarlett 2i2 na Focusrite da UMC202HD na Behringer suna aiki haka. Sai dai a kula, wata na'urar takan ba da sauti amma ba a iya saita ta sai da manhajar kamfani, wadda ba ta hawa Linux. Ni dai na fi amincewa da mai maɓallan da ake murɗawa da hannu.

Abin sawa a kunne mai Bluetooth yana da daɗi wajen sauraro, amma yawanci da an kunna makirufonsa sai murya ta koma kamar ta wayar tarho. Ba ya ɗaukar karatu.

Na san wasu za su ce a koma Windows mana a huta. Wannan magana ce ta mai halin sayen sabuwar kwamfuta, ba ta ɗan makarantar kwana da ke lissafin kuɗin gari da sukari ba.

Roƙona ga iyayenmu shi ne ranar sayayya su tafi da yaron da kwamfutarsa. In ba ta ɗaukuwa, ya zuba Ubuntu a filashi, ya roƙi mai shago ya tayar da tasa kwamfutar da shi, ba kuwa zai taɓa masa kome ba muddin bai girka shi ba. A soka makirufon, a ɗauki murya ta minti ɗaya, a saurara, sa'an nan a yi ciniki.