Hannun Da Aka Raba Da Waya Yana Bukatar Abin Riƙewa

Ya ku iyaye, wata ɗabi'a ta shigo gidajenmu muna kiran ta wayewa: yaro ya yi kuka a miƙa masa waya, ya dami mutane a kunna masa bidiyo. Shirun da ake samu ta wannan hanya bashi ne, kuma jikin yaron ne zai biya.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana. Manyan yara ma ba su tsira ba: idon da ya kafe kan waya yakan rage ƙiftawa har ya bushe, haskenta da dare kuma yana jinkirta barci.

Sai dai ƙwace wayar kaɗai rigima zai haifar. Ku maye gurbinta da yumɓu, zare da allura, ko kabar saƙa. Yaron da ke gina tukunya yana horar da idonsa da yatsunsa su yi aiki tare, kamar yadda riƙe alƙalami ke bukata. Idan tukunyar ta tsage ya sake ginawa, ya koyi haƙurin da bidiyo ba ya koyarwa.

Wasunku za su ce sana'ar hannu ta wanda boko ya ƙi ce. To ku juya takardar naira 20: matar da ke kai, Ladi Kwali, ginin tukwane ne ya kai ta can. Abin kunya ne a ce baƙi na zuwa kallon marinar Ƙofar Mata a Kano, alhali 'ya'yanmu ba su taɓa ganin yadda ake rina turmi da baba ba.

Amma koyo daban, bauta daban. Kada ku jingina yaro a shago daga safe zuwa magariba. Awa 2 a ƙarshen mako sun isa, a gaban amintaccen babba, tare da nisanta ƙanana daga wuƙa, basilla da sinadarin rini.

A hutun makaranta mai zuwa, ku nemi maɗinkin hula, baduku ko maginiyar tukwane a unguwarku, ku haɗa yara 5 ko 6 ku kai musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.