Yadda masu shirya fim ke kawo farin wata cikin ɗaki da tsakar rana

A watan Oktoban 2022, masu kallon shirin House of the Dragon sun cika shafukan sada zumunta da ƙorafi kan kashi na bakwai. Da rana aka ɗauki wasu wuraren da ake nuna dare, sannan aka duhunta su a kwamfuta, har fuskokin 'yan wasa suka kusa ɓacewa. Kamfanin HBO ya ce da gangan aka yi hakan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Aikin dare na cin kuɗi da ƙarfin ma'aikata, kuma farin wata na gaskiya ya yi wa kyamara rauni, domin hasken rana ya ninka shi kusan sau 400,000.

Idan a cikin ɗaki ne, hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko, a kafa rumfar baƙin ƙyalle a bayan taga ta tare rana gaba ɗaya, a ajiye fitila mai ƙarfi a cikinta, daga sama, tana haskowa ciki. Ta biyu, a manna wa gilashin taga wata leda mai rage haske, a saita kyamara kan launin fitilar ɗaki mai ruwan ɗorawa, sai ragowar hasken rana ya fito shuɗi-shuɗi.

Sai dai farin wata ba shuɗi ba ne. Hasken rana ne ke dawowa daga jikin wata, har ma ya ɗan fi na rana ja. Idon mutum ne ke karkata ga shuɗi idan haske ya yi ƙaranci. Shi ya sa ƙwararru ke sa shuɗin kaɗan, su bar inuwa ɗaya tak, tunda wata ɗaya ne, su kuma kunna 'yar fitila a ɗakin don ido ya samu abin kwatance.

Wannan ya shafi Kannywood kai tsaye, inda ake kallon shirye-shirye masu dogon zango a YouTube ta wayar hannu, sau da yawa a waje cikin rana. Duhun da ya yi kyau a allon mai tace hoto na iya zama baƙi ƙirin a waya. Kafin darakta ya saki fim, ya kamata ya fita tsakar gida da wayarsa ya duba: idan bai ga idon ɗan wasa ba, mai kallo ma ba zai gani ba.